Tambaya da Amsa: Za a ba ɗana melatonin don a gwada kunnensa, in yarda?

Assalamu alaikum, Likita. Ina da yaro ɗan wata 14. Yana kwana huɗu a duniya shawara ta kama shi, har sai da aka yi masa musayar jini. Ya warke, alhamdu lillahi, yana rarrafe, ya ma fara miƙewa yana dafa bango. Amma har yau bai ce "mama" ba, kuma idan na kira shi ta baya, wani lokaci ya waiwayo, wani lokaci kamar ba da shi nake ba. An tura mu wani gwajin ji da ba a yi sai yaro yana barci. Sau biyu muna zuwa yana ƙin barci, sai fizgar wayoyi da kuka. Yanzu sun ce idan mun koma za su ba shi wani abu da ake kira melatonin. Babansa ya ce shi bai yarda a ɗura wa jariri maganin barci ba, a bari ya girma, zai yi magana don kansa. Ni kuma hankalina ya rabu biyu. Maganin nan yana da illa? Zai taɓa masa ƙwaƙwalwa? Na kuma ga ana sayar da shi, ko in saya in fara gwada masa a gida in ga yadda zai karɓe shi?

Daga maman ɗan wata 14

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki shi. Ki koma, ki yarda su ba shi a can, a gabansu. Amma kada ki saya ki gwada a gida. Zan yi miki bayanin duka biyun, domin na fi son ki shiga ɗakin gwajin nan da saninki, ki kuma samu abin da za ki faɗa wa babansa.

Gwajin da aka tura ku shi muke kira ABR. Na daɗe ina yin sa, kuma har yau yana ba ni mamaki. Mukan goge goshin yaro da bayan kunnuwansa, mu manna wasu 'yan wayoyi, mu sa masa wani ɗan soso mai fitar da sauti a cikin kunne. Na'ura ta riƙa buga ƙara, ƙas ƙas ƙas, da sauri. Duk bugu ɗaya, idan kunne ya ji, saƙo yakan bi jijiyar ji ya hau zuwa gindin ƙwaƙwalwa, kuma duk tafiyar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba. Wannan saƙon muke kamowa ta fata, ya fito mana a kwamfuta kamar tuddai biyar a jere. Wasu masana biyu a Amurka, Jewett da Williston, su ne suka zayyana tuddan nan a 1971, kuma na biyar ɗin muka fi bi. Mu yi ta rage ƙarar muna kallonsa har ya ɓace. Inda ya ɓace, kusan nan jin yaron ya tsaya. Ba ma buƙatar yaro ya ɗaga hannu ko ya ce ya ji, shi ya sa gwajin ya dace da wanda bai fara magana ba.

Matsalar ita ce saƙon ƙarami ne ƙwarai, bai kai kashi 1 cikin miliyan na bolt ɗaya na lantarki ba. Tsokar jiki kuwa, ita ma lantarki take fitarwa idan ta motsa, kuma nata ya ninka na jijiyar ji nesa ba kusa ba. Yaro ya juya wuya, ya ciji haƙora, ko ya tsotsi yatsa da ƙarfi, shi ke nan layin ya hargitse. Kamar ki tsaya kina sauraron raɗa a kusa da injin niƙa ne. Sai na'ura ta buga ƙarar sau 1,000 zuwa 2,000 ta tattara kafin mu sami layi ɗaya mai tsabta, kuma layuka da yawa muke nema a kowane kunne. Awa guda takan tafi, wani lokaci fiye. To ki faɗa mini wane ɗan wata 14 ne zai kwanta awa guda bai motsa ba idonsa biyu. Don haka kada ki ɗauka ɗanki ya fi sauran yara rigima. Shekarunsa ne mafi wuya a wajenmu: ya wuce jaririn da ke barci da an shayar da shi, bai kuma kai wanda za a lallasa da magana ba.

Shi melatonin, jikin ɗanki yana yin sa kowane dare. Wani ɗan ƙulli ne a tsakiyar ƙwaƙwalwa, bai wuce ƙwayar hatsi ba, yake sakin sa cikin jini idan duhu ya shiga, ya daina idan gari ya waye. Wani likitan fata a Jami'ar Yale, Aaron Lerner, shi da abokan aikinsa suka fara tace shi a 1958. Aikin melatonin shi ne ya shaida wa jiki cewa dare ya yi. Idan muka ba yaro da rana, dabara muke yi wa agogon jikinsa. Ba ya kayar da yaro yadda allurar barci ta tiyata ke yi. Yaron da ya sha shi barcinsa na yau da kullum yake yi, yana numfashi da kansa, idan kika taɓa shi da ƙarfi ko aka buga ƙofa zai farka. Bai kuma sauya tuddan da muke aunawa, sakamakon yakan fito daidai.

Tsoron babansa yana da tushe, kada ki raina shi. Maganin da aka daɗe ana ba yara don irin wannan gwaji shi ne kuloral haidiret, tsohon magani ne da ake sa mutane barci da shi tun 1869. Yana aiki sosai, amma yakan iya rage ƙarfin numfashi, yakan sa amai, wani yaron ya yini yana layi, wani kuma maimakon barci sai ya birkice. Shi ya sa ba a bayar da shi sai da na'urar lura da iskar jini da ma'aikacin da ya iya ceto idan numfashi ya tsaya. Akwai kuma wasu magungunan da ake fesawa a hanci, sai kuma cikakkiyar allurar barci a ɗakin tiyata, wadda sai yaro ya yi awoyi bai ci komai ba. Duk waɗannan suna da muhallinsu, kuma a hannun ƙwararru yara suna shiga su fito lafiya kowace rana. Amma don a rage kai yara gare su ne asibitoci suka fara gwada melatonin, a gwajin ji da kuma gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake yi wa masu farfaɗiya. Ke nan waɗanda suka ce za su ba ɗanki melatonin, mafi sauƙin abin da ke hannunsu suka zaɓa masa. Shan sa sau ɗaya ba ya lalata ƙwaƙwalwa. Illolin da aka sani ƙanana ne: kasala bayan ya farka, ɗan ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kuma sukan wuce a ranar.

Ba zan ɓoye miki rauninsa ba. Ba kowane yaro yake ɗauka ba. A binciken da aka wallafa daga asibitoci daban-daban, yaran da aka kammala wa gwaji da shi sukan kama daga biyu cikin uku zuwa sama da takwas cikin goma. Sauran, ko su ƙi barci sam, ko su farka an gama kunne ɗaya. Dalili kuwa ba ya daɗewa a jini. Yakan fara aiki cikin rabin awa zuwa awa guda, kafin wata awar rabinsa ya fita. Saboda haka nakan goge fatar yaro in manna wayoyin tun yana farke yana wasa a cinyar uwarsa, domin gogar nan tana da ɗan kaushi, ita ke tayar da yaran da suka fara nisa. Idan ba su yi haka ba, ki nemi alfarmar a yi.

Rabin aikin ma a hannunki yake, ƙanwata. Na ga yaran da aka ba melatonin suka zauna ido tar suna kallona, don kawai sun yi barcin minti ashirin a mota a kan hanyar zuwa. Wannan ɗan gyangyaɗin shi ya fi ɓata mana gwaji. A daren da za ku je, ki jinkirta kwantar da shi da awa ɗaya ko biyu, ki tashe shi da sassafe. Ki nemi a ba ku lokacin da ya saba barcin rana. Ki tafi da wani babba da zai zauna kusa da shi yana masa wasa don kada ya rufe ido a hanya, kuma ina ganin babu wanda ya fi dacewa da wannan aikin kamar babansa. Kada a ba shi waya ya kalla don ya yi shiru a ɗakin jira, hasken fuskar waya yana danne melatonin. Kada ki shafa masa mai a goshi ko bayan kunne ranar, wayoyin ba sa kama fata mai maiƙo. Ki ɗauko zanen da ya saba kwana da shi. Ki tambaye su tun kafin ranar ko za ki iya shayar da shi. Da melatonin kaɗai galibi ba a hana ci, har mukan so yaro ya zo da 'yar yunwa a shayar da shi bayan an manna wayoyi, ya yi barci a ƙirjin uwa. Amma idan sun shirya ba shi magani mai ƙarfi in wancan ya gaza, za su ce a bar cikinsa babu komai, kuma wannan umarnin ba a wasa da shi.

Ki faɗa musu komai kafin su ba shi. Idan yana shan maganin farfaɗiya ko wani magani na kullum, idan yana minshari mai ƙarfi ko numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, idan yana da ciwon zuciya ko na hanta. Idan kuma mura ta kama shi a satin, ki kira su, domin ruwa yakan taru a bayan dodon kunne ya sa sakamako ya nuna rashin jin da ba na dindindin ba.

Yanzu batun saye. A Amurka ba a lissafa melatonin cikin magunguna, ana sayar da shi a matsayin ƙarin sinadarin gina jiki, don haka ba ya bin tsauraran matakan da magani ke bi kafin ya shiga kasuwa. A Birtaniya kuwa ba a ba mutum sai da takardar likita. Yawancin kwalaben da ke yawo a kantuna da intanet na rukunin farko ne. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna nau'i 31. Wani abin da ke cikinsa ya gaza abin da aka rubuta a jiki da kashi 83 cikin 100, wani ya zarce da kashi 478, kuma a cikin 8 an sami wani sinadari, serotonin, wanda ba a rubuta ba. A 2023 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa awon nau'i 25 na wanda ake yi kamar alawa mai danƙo, 22 daga ciki adadin da ke jikin kwalba ba gaskiya ba ne, ɗaya ma babu melatonin a cikinsa ko kaɗan. Kin ga idan kin saya, ba ki san me kika ba shi ba. Akwai kuma mai narkewa nan take da mai narkewa sannu a hankali cikin dare, na farkon ake so a gwaji. Adadin da ake bayarwa ya danganta da shekaru da nauyin yaro, shi ya sa ba zan rubuta lamba a nan ba. Kuma ko ya yi barci a gida a kan gadonsa, wannan bai nuna miki abin da zai yi a baƙon ɗaki ba.

Na bar abin da ya fi damuna zuwa nan, wato maganar a bari ya girma. Ki karanta wa babansa wannan sashen, ina gaishe shi. Shawara mai tsanani har ta kai ga musayar jini tana cikin manyan abubuwan da ke taɓa ji, kuma takan taɓa jijiyar ce, ta bar cikin kunnen lafiya. Irin wannan yaron sauti yana shiga, amma yana isa ƙwaƙwalwa a warwatse, kamar rediyon da ba a daidaita tasharsa ba. Yau ya waiwayo, gobe ya ƙi. Iyaye su ce ai yana ji, taurin kai ne. Ban ce abin da ke damun ɗanku ke nan ba, gwaji ne zai faɗa. Amma gajeren gwajin nan na minti kaɗan da ake yi wa jarirai, mai suna OAE, wanda David Kemp ya gano tushensa a Landan a 1978, lafiyar sashen nan mai kamar katantanwa a cikin kunne kawai yake dubawa. Yaro mai matsalar jijiya yakan ci shi lafiya lau. ABR ne ke kama ta. Ƙa'idar da masana ji suka tsayar ita ce a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6, domin a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ke shimfiɗa hanyoyin magana, kuma da sautin da take ji take shimfiɗa su. Ɗanku yana wata 14. Lokaci bai ƙure ba ko kaɗan, na ga yaran da aka sa wa na'urar ƙara ji a shekarunsa suka kamo tsararsu a makaranta. Na kuma ga waɗanda aka kawo suna shekara biyar bayan an yi ta jira, kuma hawayen iyayensu ba na mantawa da shi. Idan melatonin ya gaza a wannan zuwan, kada ku koma gida ku zauna. Ku tambayi mataki na gaba a ranar, ko da maganin mai ƙarfi ne. Ku kuma nemi a haɗa masa da gwajin da ake yi yaro yana farke, inda ake kunna sauti a gefe, in ya waiwaya a haska masa abin wasa. Daga wata 6 ana iya yin sa, kuma yana cike abin da ABR bai faɗa ba.

*

Likita, barka da aiki. 'Yata mai shekara uku an ba ta melatonin an yi mata gwajin ji, sakamako ya fito lafiya. Abin da ya ba ni sha'awa, ban taɓa ganin ta yi barci cikin sauƙi haka ba. A gida sai sha biyun dare tana tsalle. Zan iya riƙa ba ta kowane dare?

Daga wani uba

Malam, na taya ka murnar sakamakon. Amma a'a, kada ka fara da kanka. Ka tuna a ranar gwajin an hana ta barci, an tashe ta da wuri, an kwantar da ita a ɗaki mai duhu babu waya babu talabijin. Ina kyautata zaton waɗannan sun yi aikin da ya kai na maganin. Ka gwada su kaɗai na sati biyu: lokacin tashi ɗaya kowace safiya, barcin rana kada ya kai yamma, a kashe waya da talabijin awa guda kafin kwanciya, a rage fitila.

Akwai yaran da likitoci ke ɗorawa a kan melatonin na tsawon lokaci. A 2018 Tarayyar Turai ta amince da wani nau'i, Slenyto, don yara masu otizim, wato larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, waɗanda barci ya gagara, daga shekara 2 zuwa 18. Wannan da bibiyar likita ne, bayan an gwada gyaran tsarin barci bai yi ba. Shan sau ɗaya a asibiti daban, shan kowane dare na watanni ga yarinya mai lafiya daban, kuma binciken da aka yi a kan na biyun bai da yawa. A 2022 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta gargaɗi iyaye su tuntuɓi likita kafin su ba yaro. A shekarar ce kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton cewa tsakanin 2012 da 2021 kiran da ake yi wa cibiyoyin guba kan yaran da suka sha melatonin ya ƙaru da kashi 530 cikin 100, sama da yara 260,000, mafi yawansu ƙanana da suka samu kwalba suka sha. Yawancinsu ba su jikkata ba, amma an kwantar da dubbai, biyu sun rasu. Idan akwai shi a gidanka, ka ajiye inda hannunta ba ya kaiwa. Idan kuma bayan sati biyun tana nan yadda take, ko tana minshari, ko tana yawan mutsu-mutsun ƙafa da dare, ka kai ta wajen likitan yara ya duba dalili.

*

'Yata Likita, sannu da ƙoƙari. Jikata bakwaini ce, yanzu tana sati bakwai. An gwada kunnenta kafin a sallame su, aka ce na hagu bai amsa ba, a dawo a yi babban gwaji. Na ji ana maganar maganin barcin nan. In ce wa uwarta ta nemi a ba ta?

Daga wata kaka

Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa jikarki lafiya. Ba ta buƙatarsa, kuma ba ma ba jarirai irinta don gwaji. Jariri bai ma fara sakin nasa melatonin a kan tsarin dare da rana ba sai ya kai wata biyu zuwa uku. Abin da ke sa ta barci yanzu ƙoshi ne da ɗumin jikin uwa, kuma wannan ya ishe mu. Wannan ce garaɓasar zuwa da wuri: kafin wata uku, har zuwa kusan shida, yawancin jarirai mukan gama musu gwajin cikin barcinsu ba tare da ko ɗigon magani ba.

Kada kuma kalmar "bai amsa ba" ta hana ku barci. Sau da yawa ruwan haihuwa ne ya rage a kunne, ko jaririyar ta motsa lokacin awo. Amma bakwaini da ta kwana a ɗakin jarirai tana cikin waɗanda muke sa wa ido, musamman idan an yi mata allurar jentamaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka kada a ɗaga ranar. Ki ce wa uwarta ta riƙe ta a farke na awa guda kafin su isa, ta jinkirta shayarwa kaɗan, ta sauya mata kunzugu suna isa. Sai an manna wayoyin sannan ta ba ta nono. Ta tafi da katin sallamarsu daga asibiti, domin za a tambaye ta sati nawa aka haife ta da magungunan da aka yi mata.